FILIN MATA: Haram Da Harami, Gidansu Ɗaya

 

A makon jiya na yi muku alkawari yau za mu yi zancen ajiyar wake, yadda za a tsare shi daga ƙwari har bazara. To, ku gafarce ni, wake ya dakata sai wani mako. Wata takarda ce ta zo mini daga Dabawa ta ƙasar Dutsin-Ma, na karanta ta sau uku, na ga ba ta jiran wani mako. Mai takardar ta roƙa kada a buga sunanta, na kuwa yarda. Ga abin da ta ce:

"Zuwa ga Uwargida. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi. Ni yarinya ce, ina aji 3 na ƙaramar sakandare. Ina da tambaya biyu. Ta fari, a Islamiyya an koya mana haram shi ne abin da in mutum ya aikata za a yi masa azaba. To, kakata ta dawo daga Hajji tana ta ba mu labari, wai kullum a cikin Harami ta ke salla. Yaya wurin da ya fi ko'ina tsarki zai ci sunan abin da ya fi kome muni? Ta biyu, gwaggona ta ce wa babana karatun boko haram ne ga 'ya mace in ta girma, wai a cire ni in na gama wannan aji. Babana bai ce kome ba tukuna. Ni kuwa so na ke in zama ungozomar asibiti. Don Allah ki ba ni shawara."

Madalla da ke, 'yata. Matambayi ba ya ɓata. Kin ce tambayarki biyu ce, ni kuwa da na duba sai na ga guda ce, domin in kin gane amsar ta fari, ta biyun ta kusa warware kanta. Amma sai kin yi haƙuri mun bi ta doguwar hanya.

BAƘAƘE UKU

Kowace mace da ta yi makarantar allo ta san babbaƙu kafin farfaru. To, Larabci kansa haka a ka gina shi. Mafi yawan kalmominsa suna da saiwa ta baƙaƙe uku, sa'an nan a yi ta sauya musu wasula, a ƙara wani baƙi a gaba ko a tsakiya, ma'ana ta yi ta rassa. Mu ma muna da irin wannan a Hausa. Dubi "haifa". Daga gare ta mu ka sami haihuwa, da mahaifi, da mahaifiya, da mahaifa, da haifaffe. Dubi "dafa", ga dahuwa, ga madafi, ga dafaffe. Ko yarinya ƙarama ta ji waɗannan ta san 'yan ɗaki ɗaya ne. Larabawa sun fi mu yawan yin haka nesa ba kusa ba. Daga kaf da ta da ba su ka fitar da kataba, watau ya rubuta, da katibu mai rubutu, da maktabu wurin rubutu, da kitabu. Wannan alkitabu shi ne bakin Bahaushe ya tauna har ya zama littafi.

Malamai sun daɗe suna wannan aiki. Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, shi ya fara tara kalmomin Larabci bisa saiwoyinsu a ƙarni na 8, cikin littafinsa Kitabul Aini. A farkon ƙarni na 15 a ka yi Firuzabadi, mai littafin Alƙamusul Muhiɗ. Ma'anar ƙamus a da ita ce teku, amma littafin ya yi suna har ya zama duk littafin ma'anar kalmomi ƙamus a ke ce masa, mu ma haka mu ke cewa. A nan ƙasarmu Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya tsara littafi sukutum a kan wannan fanni na juya kalmomi, wanda a ke kira sarfu, ya sa masa suna Hisnur Rasin.

Wanda ya fi amfani gare mu yau shi ne Ibnu Farisa, wanda ya rasu a shekarar 1004. Shi dabararsa ita ce ya ɗauki saiwa guda, ya tara 'ya'yanta duka, ya nemo ma'ana ɗaya da ta haɗa su. Da ya zo kan ha ƙarami da ra da mim, watau saiwar haram, sai ya nuna duk abin da ya fito daga cikinta yana komawa ga hanawa da tsanantawa.

To, ku riƙe wannan. Mu ce shinge ke nan. Wadda ta taɓa yin ɗan lambu a bayan ɗaki ta san amfanin shinge iri biyu ne. Wani a kan yi shi don a tsare yaro daga faɗawa rami. Wani kuwa a kan yi shi don a tsare yakuwa da kuɓewa daga awaki. Na farko yana kewaye da abin cutarwa, na biyu yana kewaye da abin daraja, amma duka biyun shinge ne, kuma duka biyun cewa su ke yi kada a ƙetare. Giya da caca da riba da mushe an kewaye su da shinge na farko. Makka an kewaye ta da na biyu. Kin ga amsar tambayarki ta fari, 'yata.

HARAMI DA HARAMA

Harami ba masallacin kaɗai ba ne, ko da ya ke shi alhazai su ka fi nufi in sun faɗa. Ƙasa ce mai faɗi kewaye da Ka'aba, tana da iyakoki sanannu, an kafa musu alamu. A cikinta ba a farauta, ba a korar dabbar daji, ba a sare itacen da ya tsiro da kansa, kuma in an ga tsintuwa ba a ɗauka sai don a yi cigiya. Ki tambayi kakarki labarin tantabarun Makka, za ta gaya miki yadda su ke yawo tsakanin ƙafafun mutane ba tsoro. Madina ma tana da nata harami, shi ya sa a ke ce wa biranen biyu Haramaini. Tun shekarar 1986, zamanin Sarki Fahad, sarakunan Saudiyya su ke kiran kansu Hadimul Haramaini, watau baran Haramai biyu.

Iyakar da ta fi kusa da Ka'aba ita ce Tan'im, kamar mil 4. Mu mata muna da rabo a tarihin wurin nan. A Hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Nana A'isha ba ta sami yin Umra tare da jama'a ba saboda al'adar mata ta zo mata. Abin ya dame ta, ta faɗa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa ɗan'uwanta Abdurrahman ya kai ta Tan'im ta ɗauko niyya daga can. Har yanzu masallacin wurin da sunanta a ke kiransa, alhazanmu kuwa can su ke zuwa in suna Makka su ka so ƙara Umra. Ku duba, mace ce ta faɗi damuwarta, a ka saurare ta.

Daga saiwar nan a ka sami ihrami, watau mutum ya shigar da kansa cikin shinge da niyyarsa. Da zarar alhaji ya yi niyya a miƙati, abubuwan da jiya halal ne gare shi sun zama haram: turare, da yanke farce, da aski, da ɗaurin aure, da kusantar iyali. Turare bai zama ƙazanta ba, aure bai zama laifi ba, shi ne dai ya shiga wani hali na keɓewa har ya gama. Maza su kan ɗaura ƙyalle biyu marasa ɗinki, waɗanda mu ke ce wa harami. Mace kuwa tufafinta na kullum masu sutura su ne haraminta, sai dai ba ta sa niƙabi ko safar hannu.

Ko wadda ba ta taɓa zuwa Makka ba tana shiga wannan hali sau biyar kowace rana. Kabbarar farko ta salla sunanta kabbarar harama, domin daga ita magana da ci da sha sun haramta sai an yi sallama. Da ya ke ita ce mafarin salla, sai Hausawa su ka ari kalmar su ka kai ta ko'ina. In an ce baƙo ya yi haramar tafiya, ko uwargida tana haramar ɗora tukunya, daga nan a ka samo.

Amma ga wani gargaɗi ga masu niyyar tafiya. A Larabcin kasuwa na Masar da Saudiyya, in ki ka ji ana ihu "harami, harami", ɓarawo a ke nufi, mai cin haram. Kada ki tsaya neman wanda ya yar da ƙyallensa, ki dafe jakarki.

WATANNI HUƊU

Lokaci ma an yi masa shinge. Cikin watanni goma sha biyu akwai huɗu masu alfarma, Larabawa na ce musu ashhurul hurum: Zulƙida, da Zulhajji, da Muharram, da Rajab. Tun kafin Musulunci Larabawa su kan ajiye makamai a cikinsu. Uku na farko a jere su ke, don mai zuwa Hajji ya tafi ya dawo ba wanda ya tare shi. Har babbar kasuwarsu ta Ukaz a Zulƙida ta ke ci, saboda sai da aminci a ke ciniki. Muharram, wanda mu ke kira watan cika-ciki, ma'anar sunansa "wanda a ka haramta", watau a ka haramta zub da jini a cikinsa. Da shi a ka fara ƙirgar shekara sa'ad da a ka tsara kalandar Hijira a zamanin Sayyadina Umaru. Rajab kuwa shi ne tsofaffinmu ke yawan azumi a ciki.

HURUMI

Yanzu mu dawo gida. Akwai wata 'yar gidan nan da ta daɗe a ƙasar Hausa har an manta baƙuwa ce, ita ce hurumi. Ki tambayi kowane tsoho a Dabawa ko Kurfi, zai gaya miki a da kowane gari yana da huruminsa, fili ne a gefen gari wanda ba mai ikon nomawa ko ginawa, an bar shi don jama'a da dabbobinsu. Maƙabarta ma hurumi a ke ce mata a wurare da yawa. Daga nan magana ta yi rassa, har in mutum ya sa baki a abin da ba nasa ba a ce masa, "Wannan ba huruminka ba ne."

Malaman fiƙihu sun ce rijiya tana da nata harimi, watau kewayenta da ba a yarda wani ya yi abin da zai cuci ruwan ko masu ɗiba ba. Malaman tsabta na zamani da su ka zo, maganar nan su ka maimaita da awo: kada a haƙa masai kusa da rijiya, a bar tsakani kamar mita 30. Uwargida, ki leƙa bayan gidanki yau ki auna da ƙafa. Gudawar yara da damina ta kan fito daga nan.

Burtali da makiyaya da mashaya su ma hurumi ne. A shekarar 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi doka ta keɓe wuraren kiwo. Jama'a ta yi yawa, gonaki su ka yi ta cin burtali kaɗan kaɗan, shanu su ka yi ta faɗawa gonaki. Ba shi kaɗai ne sanadin fitinar da ta sami ƙasashen da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ba, amma dattawa da yawa in suna lissafin mafarinta da shi su ke farawa. Shingen da kakanni su ka kafa, in an tsalle shi, jikoki ke biya.

MUHARRAMI

Ga wadda ta fi shafar ɗakunanmu. Muharramin mace shi ne namijin da aure ya haramta tsakaninsu har abada: uba, da kaka, da ɗa, da jika, da wa, da ƙane, da baffa, da kawu, da ɗan ɗan'uwa, da ɗan 'yar'uwa, da uban miji, da ɗan miji, da mijin 'ya. An jera wannan a Suratun Nisa'i, aya ta 22 da ta 23. Ku lura, waɗannan su ne mutanen da su ka fi kusa da zuciyarmu. An haramta aurensu ne don mace ta sami mazan da za ta zauna da su hankali kwance, ta yi tafiya da su, ta kai musu kuka.

Akwai kuskure biyu da mu ke yi. Na ɗaya, ɗan baffa da ɗan kawu da ɗan gwaggo ba muharramai ba ne, ko da a tsakar gida ɗaya a ka tashi, shi ya sa a ke auren zumunci. Ƙanen miji ma haka, ko da ya ke al'ada ta sa wasa tsakani. Akwai hadisi mai tsananin gargaɗi a kan keɓewa da dangin miji. Wasa a tsakar gida gaban jama'a daban, shiga ɗaki ba sallama daban.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne sha'anin nono. Mu mata muna da tausayi. Maƙwabciya ta tafi unguwa, jaririnta na kuka, sai ki ɗauka ki ba shi mama, ki manta. To, a mazhabar Malikiyya da mu ke bi, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, in nono ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na fari, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗanki. 'Ya'yanki duka sun zama 'yan'uwansa, mijinki ya zama ubansa. Yayyensa da ƙannensa da ba su sha ba, su ba abin da ya shafe su. Na taɓa ganin auren da a ka raba bayan haihuwa biyu, don wata tsohuwa ta tuna abin da ya faru shekara ashirin baya. Kukan da a ka yi ran nan ba na fatan in sake jin irinsa. Don haka ku da Allah ya ba ku karatu, ku nemi ɗan littafi ku rubuta: na shayar da wane ɗan wance, wata kaza, shekara kaza. Ku gaya wa mazanku da iyayen yaron tun a ranar. Rigakafi ya fi magani.

HURMA DA IHTIRAMI

Hurma ita ce alfarmar da mutum ke da ita wadda ba a keta ta. Ihtirami kuwa shi ne girmamawa, watau ki ga shingen wani ki tsaya. Sashen mata na gida Larabawa na ce masa harim. Turawa sun ari kalmar ta hannun Turkawa, su ka cika ta da tatsuniyoyi, amma asalinta wuri ne mai alfarma da baƙo ba ya faɗa masa, kamar yadda a gidajenmu namiji baƙo ba ya wuce zaure sai da izni.

A huɗubar Hajjin ban kwana an sanar da jama'a cewa ran Musulmi da dukiyarsa da mutuncinsa suna da alfarma irin ta ranar, da watan, da garin. A wannan huɗuba kuma a ka yi wasiyya da kyautata wa mata. Ashe ke nan mutuncin kishiyarki yana da shinge irin na Makka. Ina faɗin haka ne saboda wata kalma da ke saurin fita bakinmu in rai ya ɓaci, watau a ce wa yaro "ɗan haram" ko "shege". Yaron ba ki zaga ba, uwarsa ki ka yi wa ƙazafi, shari'a kuwa ta yanka wa mai ƙazafi bulala 80 a Suratun Nur. Mu kama bakinmu.

WA KE DA IKON KAFA SHINGE?

To, 'yata, mun iso tambayarki ta biyu. Hukunce-hukuncen shari'a biyar ne: wajibi, da mustahabbi, da halal, da makaruhi, da haram. Tsakanin "ban so ba" da "haram ne" akwai tafiya mai nisa. A Suratun Nahli, aya ta 116, an yi kashedi mai ƙarfi ga masu sakin harshe suna halattawa da haramtawa ba da hujja ba, an kira abin ƙirƙira wa Allah ƙarya. Saboda tsoron wannan ne manyan malamai su ke taka-tsantsan. An ruwaito Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekarar 795, an taɓa yi masa tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". In mai Muwaɗɗa ya yi haka, ina ga ni da ke da gwaggo?

Mun kuwa ga abin da kalmar nan ke haifarwa in ta faɗa bakin da bai san nauyinta ba. A watan Afrilu na 2014 a ka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Cibok, waɗanda su ka yi aikin kuwa da sunan haramta karatu su ka yi shi. Sun ce suna tsare shinge, alhali sun keta alfarmar rai da mutunci, waɗanda ba malamin da ya yi saɓani a kan haramcinsu.

Malamanmu na asali ba haka su ka koyar ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi faɗa sosai a littafinsa Nurul Albabi da malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa 'yan taru, tana naɗa wa jajis malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata. Ilmin ungozoma da ki ke so kuwa yana cikin abin da malamai ke kira farali kifaya, watau in ba wanda ya koya a gari, laifin ya hau kan kowa. Matan da ba su son namiji ya duba su wajen haihuwa, wa zai duba su in an cire 'yan mata daga aji 3?

A nan ne 'yar autar gidan nan ta ke shigowa, ita ce mahrum, wanda a ka hana rabonsa. Alƙur'ani ya ambace shi tare da mai roƙo, a Suratuz Zariyat da Suratul Ma'arij, cikin masu hakki a dukiyar mawadata. Mu ma mu kan ce an haramta wa wance gadonta. Sau nawa a ke raba gona a ce mata su haƙura, alhali rabonsu a rubuce ya ke cikin Suratun Nisa'i? Duk inda a ka kafa shinge a wurin da Allah bai kafa ba, za ki tarar da wani mahrum zaune a bayansa, yawanci kuwa mace ce.

Amma fa ki ji ni da kyau. Kada ki ɗauki jaridar nan ki je ki karanta wa gwaggonki da ɗaga murya. Ita ma tana da hurma a kanki, 'yar'uwar ubanki ce. Ina zaton da ta ce haram, abin da ke ranta tsoro ne: tsoron hanya, da tsoron samari, da tsoron abin da mu ka ji ya sami makarantu, irin na Ƙanƙara a Disamba 2020. Wannan tsoro ba wauta ba ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tsoro kuwa ana yi masa magani. A nemi abokan tafiya, a san lokacin fita da na dawowa, ki tsare suturarki da mutuncinki har ta rasa abin faɗa.

Ga shawarata. Ki fara da mahaifiyarki da kakar nan taki Hajiya, su ne za su san lokacin da ya dace a yi wa babanki magana. Ki roƙa a je wurin limamin gari ko wani malami da babanki ya yarda da shi, a yi masa tambaya a fili: neman ilmin ungozoma ga 'ya mace, cikin sutura da tsaro, haram ne? In ya ce haram ne a nemi ya faɗi inda ya gani. Ki kuma tuna wa babanki, cikin ladabi, cewa ba nisa za ki yi ba. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita nan a Dutsin-Ma, mai sunan Wazirin Katsina da ya riƙe Ministan Ilmi a zamanin Sardauna. Ga Jami'ar Tarayya da a ka kafa a garin a 2011. 'Ya'yan wasu daga nesa su ke zuwa su yi karatu a ƙofar gidanku. Tun da babanki bai ce kome ba, ƙofa a buɗe ta ke. Ki rubuto mini yadda a ka ƙare.

Ku kuma iyaye mata, kalma ɗaya gare ku. In za ku hana yaro abu, ku ce "ban yarda ba", wannan huruminku ne. "Haram" kuwa ku bar ta inda Mai ita ya ajiye ta. Yaron da ya saba jin kome haram ne, ran da ya gane wani ba haram ba ne, sai ya raina har na gaskiyan.

Kafin in rufe, wani ɗan kashedi ga 'yan makaranta masu son wannan wasa na neman saiwa. Ba duk kama ce ke zama dangantaka ba. Akwai wata haram da a ke rubutawa da ha babba, ma'anarta tsufa tukuf, da ita kuma a ke kiran dalar Fir'aunonin Masar, har jaridarsu Al-Ahram ta ci sunan. Wannan ba gidansu ɗaya da tamu ba. Sai an duba baƙi da kyau.

Ga aikin gida. Ku ɗauki baƙaƙen nan uku namu, ku dawo da ra gaba, ya zama ra da ha ƙarami da mim. Ku tara mini kalmomin da ku ka sani daga wannan saiwa, da sunayen mutane maza da mata. Zan ba ku haske kaɗan: ɗaya tana cikin Bismilla sau biyu, ɗaya kuwa kowace uwa tana ɗauke da ita a jikinta. Wadda ta fi kowa tarawa za mu buga amsarta a wannan fili.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mu koma kan wakenmu.

Taku,
Uwargida